Muryarki a Tab ɗin Nusaiba

Zuwa ga yayata Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ya yalwata miki shi, ya haskaka shi. Na san ba a aika wasiƙa gidan gaskiya. Na kuma san masu bibiyar shafin nan, yawancinsu ɗalibaina ne da iyayensu, sun saba ganin darasin kwamfuta ko nasihar jarrabawa. Su yi mini uzuri yau. Da ke nake son magana, domin ke ce kika san nauyin abin da ke hannuna.

Mahaifiyarmu Hajiya tana nan lafiya a Unguwa Uku, sai ciwon gwiwar da kika sani. Abban Nusaiba yana gidansu na Gyadi-Gyadi, ba ya fashin zuwa duba ta. 'Yarki Nusaiba tana wurina a Tarauni kamar yadda kika bar wasiyya. Ta yi tsawo, har mun ƙara wa kekenta na guragu matashi a baya, kuma gashinta naki ne sak, mai karya mataji. Amma tun ranar Asabar ba ta ce komai ba. Ni na karɓe mata bakinta na saka a durowa, kuma tsoron da ya sa na yi hakan bai sake ni ba har yanzu.

Ki bar ni in maimaita abin da kika riga kika sani, saboda masu karantawa ta bayan kafaɗata. An haifi Nusaiba da lalurar da ta riƙe mata harshe da gaɓoɓi. Tana ji, tana ganewa, tana ma riga mu gane wasu abubuwan, amma kalma ba ta fita. Yatsa ɗaya na hannun hagu ne ke bin umarninta, shi ma sai ya ga dama.

Kin tuna ranar da kika shigo da tab ɗin, kwamfutar nan mai kama da allo, a cikin ledar shinkafa? Na hannu ne, tsoho, da ɗan tsagu a kusurwa. Kin ji labarin manhajar da ke jera hotuna, yaro ya danna hoton kofi ta ce ruwa, ya danna hoton gado ta ce barci. Muka gwada wadda ta samu, sai ga muryar wata Baturiya ta cika falo. Nusaiba ta kalli tab ɗin, ta kalle ki, ta kau da kai. Kika ce, "Da bakin wa za ta kira Hajiya? 'Yata ba za ta nemi ruwa a gidan ubanta da Turancin wata ba."

Akwai wata manhajar da ke bari mutum ya naɗi muryarsa a ƙarƙashin kowane hoto, amma rumbun kamfanin ya ƙi ba tab ɗin, wai ya tsufa. Shi ne kika kai wa Ifeanyi a kasuwar waya, ɗan Kudun nan haifaffen Kano da ya fi ni karin magana. Ya ce zai iya yi masa abin da suke kira jelbirek, wato ya ɓalle takunkumin da kamfani ya sa wa na'urar, don a shigar mata da abin da ba daga rumbunsu ya fito ba. Ni na ƙi. Na zauna na jero miki haɗurran kamar ina gaban allo. Kika saurare ni har na gama, sannan kika ce, "Malama Bilki, na ji. Kawo wata hanyar." Ba ni da ita, sai na raka ki.

Ifeanyi ya kafa sharuɗɗa kafin ya miƙo mana shi. Kada a haɗa shi da intanet. Kada a taɓa sabunta masa manhajar da yake gudana a kanta, domin sabuntawa za ta mayar da takunkumin, ta kori duk abin da aka shigar ta bayan gida. Kada kuma a bari caji ya ƙare ya mutu. Kika mayar da sharuɗɗan nan dokar gida. Duk wanda ya miƙo hannu sai ki ce, "Wannan na'ura matar kulle ce, ba ta leƙa ko zaure."

Ina ganinki yanzu a ƙuryar ɗakinki na Gyadi-Gyadi, kin dawo daga sakatariya ko mayafi ba ki cire ba, kin rufe taga, kina jiran mai injin niƙan bayan gida ya kashe. Da ya kashe sai ki matso da bakinki. Ruwa. Tuwo. Bayan gida. Zafi. Sanyi. Abba. Hajiya. Idan kalma ba ta yi miki ba, sai ki goge ki sake, har Abban Nusaiba ya ce ko gidan rediyo za ki koma.

Ranar da na ji kina naɗar "ki ƙyale ni" da "ba na so", na ce miki wannan ai koya mata rashin kunya ne. Kika ce, "Yaron da bai iya cewa a'a ba, bai fara magana ba." Ni ce ta farko da Nusaiba ta danna wa "ki ƙyale ni", ina ƙoƙarin goge mata baki. Kin yi dariya har kika zauna a ƙasa.

Da Nusaiba ta fara danna hoton Hajiya, Hajiya tana tsakar gida tana tsince wake. Ta amsa, "Na'am, Rabi," ba tare da ta ɗago ba. Kika ce mata daga bakin ƙofa ba ke ba ce. Hajiya ta ajiye faifan, ta shigo, ta durƙusa gaban keken da gwiwoyin nan nata, ta ce, "Sake kirana in ji."

Bayan an kai ki, a zaman makoki, falo cike da mata, Nusaiba ta danna hoton kofi. Muryarki ta tashi a tsakiyar mutane. Wasu suka rushe da kuka, wata ta ce don Allah a kashe abin nan. Hajiya ce ta tsawatar. Ta ce, "Ku bar shi. Ba Rabi ba ce, Nusaiba ce take jin ƙishirwa. A ba ta ruwa." Tun daga ranar muka koyi jin muryarki muna amsa wa 'yarki. Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Akwai safiyar da nake wanke-wanke in ji kin ce "Anti Bilki", sai in daɗe ban juyo ba.

To, ga abin da ya faru. Ranar Asabar aka yi sunan ɗan Baffa Auwalu, ƙanin Abban Nusaiba, a Gyadi-Gyadi. Kin san Auwalu da son yara. Na bar Nusaiba a falon maza wurin abbanta na shiga ciki taya rabon abinci. Yara suka baibaye ta, kowa yana kallon katun a wayar uwarsa, ita kuma tana zaune da tab a cinya tana bin su da ido. Abbanta ya fita raka baƙi. Auwalu ya ga abin ya ba shi tausayi, ya ce don me kowa na kallo ban da 'yarsa. Ya kunna hotsifot a wayarsa ya haɗa mata tab ɗin da intanet.

Ba na ganin laifinsa, Yaya. Da na fito ya tare ni da fara'a, yana cewa, "Malama, ashe tab ɗin nan da ransa, ku kuka tsare shi kamar mai jego." Na fizge tab ɗin na cire haɗin. Katun ɗin ma bai buɗe ba. Amma tab ɗin ya daɗe a haɗe, kuma tuni ya sauke sabuwar manhajar gaba ɗaya ya ajiye a cikinsa.

Yanzu akwatuna biyu ne ke faɗowa a kan fuskarsa, ba sallama. Ɗaya yana cewa sabuntawa ta shirya, a girka yanzu ko anjima. Ɗayan yana neman kalmar sirrin akawun ɗinki. Madannin "yanzu" da na "anjima" suna manne da juna, tazararsu ba ta kai faɗin farce ba, kuma daidai inda hoton kofi yake suke sauka. Ke kika cire wa tab ɗin makullin lamba don Nusaiba ta iya buɗewa da kanta, saboda haka babu abin da zai tsaya ya sake tambaya. Yatsan da wani lokaci ke nufin tuwo ya sauka a kan barci, shi ne tsakanin muryarki da shafewa.

A hanyar dawowa a cikin adaidaita na ga akwatin ya faɗo, yatsanta yana sama yana gangarowa. Na riƙe mata hannu da ƙarfin da ban taɓa riƙe ta da shi ba. Ta kalle ni kallon da ban san shi ba. Da muka iso gida na sa tab ɗin a durowa, na jona masa fawa bank, na rufe.

Na shiga saitinsa don in goge abin da ya sauke, kamar yadda nake koya wa 'yan ajina. Shafin ya ƙi buɗewa, da na taɓa sai ya koro ni waje. Na bar shi, domin duk taɓawar da na yi sai in ji kamar ina taka bakin rijiya.

Kwanakin nan ban san yadda zan kwatanta miki su ba. Na yanka hotuna na manna a kwali, kofi da kwano da gado, na ajiye mata a cinya. Ta ture shi da gwiwar hannu. Shekaranjiya ta wuni tana kuka. Na kawo ruwa, na kawo kunu, na kai ta bayan gida, na taɓa goshinta, na kira Hajiya a waya ta yi mata waƙa. Sai da na zo canza mata kaya na ga cinnaka a cikin safarta, ƙafar duk ta yi ruɗu-ruɗu. Da tab ɗin yana hannunta, danna biyu ne, zafi da ƙafa. Na zauna a bakin gado ina shafa mata man zafi ina ba ta haƙuri, ita kuma idonta na kan durowa.

Na ce to, bari in fara da akawun ɗin, ko da abin ya faru kada tab ɗin ya kulle gaba ɗaya. Na gwada sunan Nusaiba, na gwada sunan Baba, na gwada laƙabin da muke kiranki da shi muna yara. Sai ya gargaɗe ni cewa in na ci gaba zai rufe akawun ɗin. Na ɗauke hannuna. Na san ba ki rubuta kalmar a ko'ina ba, na kuma san ba suna ba ce, ba ranar haihuwa ba ce, domin ni na koya miki haka a kan tabarmar Hajiya. Ke ce ɗalibata ta farko, kuma kin riƙe darasin gam.

Sauran hanya ɗaya, a ce an manta, su turo lambar tabbatarwa zuwa layin wayarki. Kin san inda layinki yake? A kwanakin ta'aziyya wayarki ba ta daina ƙara ba, abokan aikinki da ba su ji ba, da mai ɗinkinki, da matan adashi. Duk ƙarar da ta yi sai Hajiya ta zabura. Aka kashe ta. Da aka zo rabon gado aka sa wayar cikin kaya, amma Hajiya ta ce a cire mata sim ɗin. Ta naɗe shi a ƙyalle ta jefa a jakar carbinta. Ta ce ba za ta iya jin an kira lambarki wani ya ɗauka ba, ko da ni ce. Babu wanda ya yi mata musu, kuma babu wanda ya kawo komai a ransa.

Na je Unguwa Uku na roƙe ta. Ta kwance ƙyallen da kanta, ta sa mini a tafin hannu, ta ce, "Ki dawo mini da shi." Na sa a wayata, babu sabis. Na je ofishin masu layin, wata yarinya mai ladabi ta duba ta ce layin da ya daɗe ba a amfani da shi ana karɓewa a sayar wa wani. Abin da Hajiya ta ɓoye don kada wani ya ɗauka, ɓoyewar ce ta kai shi hannun wani. Ban gaya mata ba. Na mayar mata da sim ɗinta ta sake naɗewa.

A bakin titi na tsaya na kira lambarki. Har yanzu "Yaya Rabi" ne a wayata, da hotonki na ranar Sallah. Ta yi ƙara, sai wani dattijo ya yi sallama. A bayansa ina jin hayaniyar kasuwa da ƙarar manyan motoci. Ya ce, "Wa ke magana?"

Na ba shi labarin duka. Ban san na iya kuka a bakin titi ba sai ranar. Ya saurara bai katse ni ba, ya yi miki addu'a, ya yi wa Nusaiba. Na ce abu ɗaya nake roƙo, za a turo wasu lambobi wayarsa, ya karanto mini. Sai ya ce, "Baiwar Allah, 'yata ta gaya mini, malamarsu ta ce duk wanda ya ce ka karanto masa lamba ɓarawo ne, ko da kuka yake yi. Ke kuma kin iya kukan." Na ce zan zo duk inda yake, ya gan ni, ya ga yarinyar. Ya ce, "Haka wanda ya taɓa damfarata ma ya ce," ya kashe. Da na sake kira layin ba ya shiga.

Ban san malamar 'yarsa ba, amma kalmomina ne, har da "ko da kuka yake yi". Duk zangon karatu sai na faɗe su, in sa yara su maimaita, in ce su je gida su gaya wa iyayensu. Dattijon nan ya yi daidai. Ɗalibaina da ke karanta wannan, ku ji ni da kyau, ya yi daidai, kuma gobe ma haka za ku yi. Sai dai ban taɓa tsayawa a ɗaya gefen wayar ba sai ranar nan, kuma wurin ba daɗin tsayuwa.

Jiya na je wurin Ifeanyi ba tare da tab ɗin ba, don ina tsoron ko girgizar hanya. Ya yi furfura a gemu, amma da na ambaci sunanki ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce yana tuna matar da ta sa shi rantsuwa da Allah a kan na'ura. Bayan rasuwarki ya taɓa gwada kwafo muryoyin, ya tarar manhajar ta ƙulle su a cikin cikinta, ba ta buɗuwa a ko'ina sai a can, masu ita kuma sun daɗe da rufe harkarsu. Muka bar shi a lokacin tunda yana aiki.

Yanzu ya ce zai iya shiga ta ƙasa ya cire abin da aka sauke. Amma dole sai an kashe tab ɗin an kunna, kuma irin wannan jelbirek ɗin da an kashe yake kwanciya, sai an tashe shi da wata tsohuwar manhaja da ke cikin tsohuwar laftof ɗinsa, wadda shi kansa ya daɗe bai kunna ba. Ya ce, "Malama, ba zan yi miki daɗin baki ba. In ya tashi, alhamdu lillahi. In bai tashi ba, muryar ta tafi. In kuma ya zame ya shiga sabuntawa ya nemi akawun, sai dai ki riƙa yanka albasa a kai." Na ce in aka bar shi haka fa? Ya ce, "To ai ba tab ba ne, ajiya ce. Yarinyar da me za ta yi magana?"

Na ce jibi Asabar zan kawo.

Abin da ya fi ba ni tsoro, Yaya, ba rasa muryarki ba ne a karo na biyu, ko da yake wannan ma yana hana ni cin abinci. Ina tsoron Nusaiba ta ƙi kowace murya bayan taki. Kin tuna yadda ta kau da kai daga Baturiyar nan. Idan aka sayi sabon tab, aka sa sabuwar manhaja, aka naɗi wata murya, ta kuma kau da kai, to mun koma zamanin da muke zagaye ta da kofi da kwano muna cinta. A lokacin ƙarama ce, ana saɓa ta a kafaɗa. Yanzu budurci take dosa, akwai abubuwan da ke tafe da za ta buƙaci faɗa, waɗanda ba ki kai ga naɗa ba.

Yau da na taso daga makaranta na yi abin da ya rage a hannuna. Na jira aka sauko daga masallaci unguwa ta lafa, na rufe tagogi, na ɗauko tab ɗin daga durowa. Da ta gan shi jikinta gaba ɗaya ya miƙe a cikin keken. Na yanka kwali mai kauri na rufe tsakiyar fuskar, inda akwatin ke faɗowa, na riƙe da hannu ɗaya, na matsar da hotunan gefe. Na kunna rikoda a wayata na kanga a bakin sifika. Na ce mata, Nusaiba, ki danna duka, ɗaya bayan ɗaya, in ɗauki muryar Umma.

Abin da ta fara dannawa shi ne "ba na so". Ta danna, ta sake dannawa, tana kallon durowa tana kallona. Na ce na ji, kuma kina da gaskiya. Sannan ta huce ta fara bi. Ba ta bi layi ba, nata tsarin ta bi, mutane tukuna, sannan abinci, sannan sauran. Akwatin ya faɗo muna cikin yi, na ga haskensa ta gefen kwalin. Na ɗaga hannunta a hankali, na ce bismillah, na danna "anjima". Gumi har cikin idona.

Abin da na ɗauka ba shi da kyau sosai. Sifikar ta tsufa, tana ɗan zuza. A kan "Hajiya" zakaran maƙwabta ya yi cara, a kan "sanyi" mai ruwa ya buga jarka a ƙofar gida. Amma ke ce. Da na kunna mata daga wayata ta karkata kai ta saurara, ba ta kau da fuska ba, ba ta kuma yi murmushi ba. Ban san me hakan ke nufi ba tukuna.

Daga nan na yi abin da na san za ki ce in yi. Na zauna a ƙasa gabanta na gaya mata gaskiya, ba ragi. Na ce gobe za a kai tab wurin mai gyara. Wataƙila ya dawo yadda yake, wataƙila ya dawo babu muryar Umma a ciki, sai wadda muka ɗauka yau. Wataƙila ma ba zai dawo ba.

Ta daɗe tana kallon hotunan. Yatsan ya tashi, ya yi yawo, ya sauka a kan wata fuska mai zare ido a shafin ƙarshe. Sai na ji ki, da muryar nan taki ta mai lallashin yaro, kin ce, "Ina jin tsoro." Tun muna yara ke ce mai shiga gaba in kare ya biyo mu, ko a gadon asibiti ban ji wannan kalma a bakinki ba. Na san 'yarki ce ke magana, na daɗe da koyon hakan. Duk da haka ku biyu na amsa wa. Na ce ni ma.

Sai ta danna "Anti Bilki", ta ɗaga yatsan da ƙyar ta nuna bakina, ta koma ta danna kofi. Na miƙe zan kawo ruwa, ta danna "a'a". Ta sake nuna bakina, ta sake danna kofi. Sannan na gane. Na ce, ruwa. Ta danna "a'a". Na sake faɗa a hankali. A'a. Ashe da muryar aji nake faɗa, kamar mai ba da shifta. Na sassauta, na ja ƙarshen kalmar yadda kike ja. Ta yi wannan dariyar tata da ke fitowa ta hanci, ta wuce zuwa tuwo ba tare da ta ce e ba. Haka muka yi har aka kira la'asar, tana dannawa ina maimaitawa, tana kayar da ni a yawancinsu. A "ki ƙyale ni" ne kaɗai na ci a karon farko.

Ban ce ta yarda da muryata ba. Gwada ni take yi, kuma ta fi duk wani sufeto da ya taɓa shiga ajina tsanani. Tsoron gobe yana nan yadda yake, ina rubutun nan ina leƙen wutar fawa bank. Abbanta zai zo da mota da safe. Na so in bar ta a wurin Hajiya, amma da na faɗa ta danna "zan je", ta kuma danna "nawa", wato tab ɗin nata ne. Don haka tare za mu tafi, a cinyarta za a ɗauke shi, ita za ta miƙa wa Ifeanyi da hannunta.

Ya Allah, ka ji ƙan yayata Rabi'atu, ka gafarta mata, ka sa kowace kalma da ta naɗa wa 'yarta ta zama sadaka mai gudana a gare ta. Ka daidaita hannun Ifeanyi gobe, ka tashi tsohuwar laftof ɗinsa. Ka saka wa dattijon da ya ƙi ni da alheri, ka tsare masa abin da yake tsarewa. Idan ka ƙaddara muryar za ta tsaya, mun gode maka. Idan ka ƙaddara za ta tafi, ka sa Nusaiba ta karɓi tawa, ka kuma tausasa mini ita har ta dace da bakinta. Amin.

Masu karatu, ku sa mu a addu'a da safe.

Taki har kullum,
ƙanwarki Bilkisu,
Tarauni, Kano.